Motar Jumakadir Mai Cizo

Duk wanda ya taɓa zama da Jumakadir Orozaliyev na tsawon shan kofin shayi ɗaya ya san cewa shi ne mutumin da ya haskaka rabin ƙasar Kirgiz, domin kuwa shi da bakinsa yake faɗa, kuma ban taɓa ganin ranar da faɗar ta gundure shi ba. Gaskiya ne ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a wata babbar tashar lantarki da ke kan kogi. Abin da yake yawan mantawa ya ƙara shi ne, aikin nasa bai wuce zama a ɗan ɗakin bakin ƙofa ba, da littafi da alƙalami, yana rubuta sunan wanda ya shiga da na wanda ya fita. Amma da yake injiniyoyi sun yi ta giftawa ta gabansa safe da yamma, sai ya tabbatar wa kansa cewa ilminsu ya kama jikinsa, kamar yadda hayaƙin gashin nama ke kama rigar mai wucewa.

A shekarar da nake ba da labarinta yana da sittin da huɗu a duniya, matarsa ta yi shekara shida da rasuwa, kuma ya ƙudura niyyar auren Burulkan, wata mai ɗinkin shimfiɗun ulu a garin Tup, wadda ita ma mijinta ya rasu. Ba ta amsa masa ba, ba ta kuma kore shi ba. Cewa ta yi magana tana hannun yayanta Toktosun, dattijo mai shekara tamanin da biyu, wanda shi ne babban gidansu. Hanyar kuwa sananniya ce: a gayyaci dattijon, a yanka rago, a ajiye kan ragon a gabansa, in an gama ci ya ɗaga hannu ya yi addu'a. In ya haɗa sunayen mutum biyu a cikin addu'ar, aure ya tabbata. In bai haɗa ba, nama kawai aka ci.

Mutum mai matsakaicin hankali a gidansa zai yi wannan liyafa, a hura wuta a tsakar gida, a ɗora tukunya. Jumakadir ya ce wannan aikin kakanni ne. Ya sayi wata tsohuwar motar ɗaukar ma'aikata, ya cire kujerunta, ya sa gado da tebur da firji da tankin ruwa, ya mai da ita gida mai tafiya. Shirinsa shi ne ya kai ta masaukin masu irin waɗannan motoci a bakin tafkin Isik-Kul, ya karɓi surukai a can, ya dafa musu komai da lantarki, tun daga shayi har zuwa kan rago, ba tare da sun ga ko alamar hayaƙi ba, domin Burulkan ta san irin mijin da Allah yake shirin ba ta. Ni kuma, da yake na koyar da nahawu shekara arba'in a Karakol, kuma an san ni da iya tsara zance a gaban manya, sai ya roƙe ni in zama wakilinsa. Na amsa, kuma har yau ban fasa neman gafara a kan haka ba.

Muka isa ranar Alhamis da hantsi, ni a kujerar gaba, ragon a kan gado. Mai masaukin, Riskeldi, mutum ne da ba ya ɓarnar kalma. Ya nuna mana wurin tsayawa kusa da wani turken ƙarfe mai akwati a kansa, ya buɗe akwatin ya nuna soket, ya ce turken yana ɗaukar firji da tukunyar shayi da wani abu guda, in an ƙara a kan haka zai yanke wuta da kansa. Jumakadir ya saurare shi irin sauraron da likita ke yi wa mai tallar magani a kasuwa. Sannan ya ja motar ya wuce turken da taku ashirin da biyar, har tayoyin gaba suka kusa shan ruwa, wai don surukai su riƙa kallon tafki ta taga. Igiyar wutar da ya sayo wa motar kuwa taku goma ce.

Wannan bai dame shi ba ko kaɗan. Riskeldi na juya baya ya zaro wata siririyar waya da ya daɗe yana ajiya a gida, ya yanke igiyar mai kauri don ya yi mata ƙari. Sai ya tarar da wayoyi uku a cikinta, tasa kuwa biyu ce. Ya haɗa biyu da biyu, ya datse ta ukun da almakashi ya jefar, ya naɗe mahaɗin da ledar burodi, ya tura shi cikin yashi da ƙafa.

Maƙwabciyarmu ta hannun dama wata mata ce mai suna Sairakan, wadda ta yi ritaya daga gyaran motocin fasinja masu tafiya da lantarki a Bishkek. Ta zo hutu ne da mijinta, wanda ba mu ga komai nasa ba sai ƙeya, don kullum yana bakin ruwa da ƙugiya. Tana zaune a ƙofar motarsu tana yankan karas, duk abin nan a kan idonta.

“Yaya, ina ka kai ta ukun?” in ji ta.

“Na sallame ta, ƙanwata. 'Yar zaman banza ce. Biyu na aiki, ita tana kwance.”

“Ita ce wayar ƙasa. Ba ta tashi sai ranar da wuta ta ɓace hanya, ta kwashe ta ta kai ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum.”

“A hannuna wuta ba ta ɓacewa. Shekara talatin da ɗaya muna gaisawa da ita.”

“Mijin ƙanwata ma haka suka saba,” in ji Sairakan, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Yanzu da hagu yake gaisawa da mutane.”

Jumakadir ya juyo gare ni ya bayyana mini, da muryar da ta isa ta ji, cewa babbar masifar wannan zamani ita ce duk wanda ya taɓa riƙe filaya sai ya ɗauka shi ma masani ne. Na yarda da shi ƙwarai, ko da yake ba mutum ɗaya muke nufi ba.

Ranar Juma'a da safe ya ce za a yi gwaji. Ya kunna firji, da tukunyar shayi mai cin guga guda, da murhun lantarki biyu, da abin ɗumama ɗaki, a tsakiyar watan Yuli, wai ko dattijo zai ji sanyi. Sannan ya zo kan abin da ya fi alfahari da shi, wata tsatsattsiyar tukunyar ɗumama ruwa da ya tsinto a wani gidan wanka da aka rushe, ya ɗaure ta da kusoshi a jikin bangon motar, ya fitar da famfonta waje daf da ƙofa. Yana kunna ta muka ji ƙas daga wajen turke, komai ya mutu. Riskeldi ya zo ya ɗaga ɗan makunnin da ya faɗi, ya tafi. Aka sake, ya sake zuwa. A karo na uku ya tarar da Jumakadir yana kiran makunnin matsoraci, ɗan ƙasar waje, wanda ba a yi shi don manyan ayyuka ba.

“Baba,” in ji Riskeldi, “wannan abin da kake zagi shi kaɗai ne mai hankali tsakanin turken nan da motarka.”

A daidai lokacin ina tsaye a tsakanin turken da motar, amma na ɗauka ba da ni yake ba.

Abin da ya ɓata al'amari shi ne an yi wa Riskeldi rasuwa a wani ƙauye a kan duwatsu, dole ya tafi ta'aziyya ya kwana. Da zai tafi ya dubi mutanen masaukin gaba ɗaya, ya ga furfurata da tabarauna, sai ya damƙa mini makullin rumbun da babban makunnin wuta yake ciki. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Jumakadir ya ari makullin, wai zai ɗauko bokiti. Nan take wuta ta ɗauke a masaukin duka. Rediyoyi suka yi shiru, mata suka leƙo daga motoci suna tambayar juna, shi kuwa yana durƙushe a gaban turke. Ya ɗauko wani guntun jan ƙarfe mai kaurin fensir, ya tsallake makunnin nan da shi, yadda wuta za ta wuce ba tare da neman izininsa ba. Na nuna rashin amincewata da jimloli uku masu kyawun gini. Ya ce in riƙe masa hula. Da ya gama ya mayar da wutar masauki, ya jefa makullin a aljihun wandonsa, kuma a can ya zauna.

Ya kunna komai a lokaci guda. Babu abin da ya yanke. Ya tsaya a ƙofar mota, hannu a ƙugu, yana duban tafki kamar shi ya haƙa shi.

Wanda ya fara kawo ƙara shi ne ragon. An ɗaure shi da sarƙa a ƙarfen bayan mota, tun safe yana tuƙa cikin natsuwa, sai kawai ya yi wani tsalle da ban taɓa sanin rago na iyawa ba, ƙafafu huɗu a sama. Ya sauka, ya sake. A na uku sarƙar ta kuɓuce, ya bi ta tsakiyar masauki, ya kifar da tukunyar shinkafar wasu mutanen garin Osh, ya faɗa tantin wasu sababbin ma'aurata, ya fito da tawul a ƙaho. Sai da maza shida suka yi gumi kafin a kama shi, kuma da aka jawo shi wajen motar ya kafe ƙafafu ya ƙi matsawa, dole aka ɗaure shi a bishiya. Jumakadir ya yi wa jama'a bayani cewa dabba tana jin ƙanshin ajalinta tun saura kwana guda, wannan abu ne da kimiyya ta tabbatar. Mai shinkafar ya tambaye shi ko kimiyyar ta faɗi abin da iyalinsa za su ci da rana.

Na biyu ni ne. Na dawo daga alwala a bakin tafki, ƙafa ba takalmi, na kama marfin ƙofa zan shiga. Sai na ji kamar an zuba mini tururuwa a hannun riga har kafaɗa, haƙorana biyu na zinariya suka yi tsami. Na shaida masa hakan cikin ladabi. Ya ce sanyin ƙashi ne, shekaru ne, kuma ya san wani mai a kasuwar Karakol da ake shafawa.

Sairakan ta ji. Ta shiga motarsu ta fito da sukudireba mai 'yar fitila a gindi, irin wadda masu gyaran wuta ke gwaji da ita. Ta ɗora a ƙofa, fitila ta kama. Ta ɗora a ƙarfen baya, ta kama. Ta ɗora a famfo, ta yi ja kamar garwashi. Ta ce tsohuwar tukunyar ruwan nan yoyon wuta take yi, ga ta ɗaure a bango, saboda haka jikin motar gaba ɗaya ya ɗauki wuta, kuma wayar da za ta kwashe ta an jefar, makunnin da zai yanke ta an tsallake shi. Mutane suka fara taruwa. Jumakadir kuwa taro ne abincinsa. Ya ce sukudirebar ce ta lalace. Ya mari motar da tafin hannu biyu, ya shafa ta, ya rungume ta, ya kwantar da kuncinsa a jikinta yana murmushi, ya tambayi jama'a ko sun ga ya mutu. Wasu suka yi dariya, wasu har suka fara kallon Sairakan da tausayi. Ita kuwa ƙafafunsa take kallo. Yana sanye da huffi da takalmin roba a kai, kamar yadda dattawanmu ke yi rani da damina.

“Cire takalmin, Yaya, ka sake rungumar ta.”

“Tun da aka haife ni ban taɓa cire takalmi da umarnin matar wani ba.”

“Shi ke nan. Za a cire maka.”

Ta tafi turke ta zare filoginsa. Ya je ya mayar. Ta sake zarewa, ya sake mayarwa, sannan ya ɗauko kwaɗon da yake kulle kejin kajinsa da shi a gida ya datse akwatin turken. Sairakan ta nemi makullin rumbu a wurina, na yi mata cikakken bayanin yadda aka yi ya bar hannuna, ta dube ni da wani irin kallo da rabona da shi tun ina ajin farko. Daga nan ta ɗauki sanda ta ja layi a yashi kewaye da motar, ta sanar da masauki cewa duk mai son tsallakewa ya fara ba ta adireshin danginsa. Da la'asar aka yi ruwan sama mai yawa, yashi ya jiƙe sharkaf. Ni dai na nemi makwanci a wani wuri, bisa dalilin cewa gadon motar warin rago yake yi.

Ranar Asabar aka yanka ragon da sassafe, kuma a ganina ya miƙa wuya da wani irin sauƙin rai. Jumakadir ya ɗora nama a murhu ɗaya, ruwan taliya a ɗayan. Siririyar wayar nan ta taku goma sha biyar ba ta iya kawo abin da ake nema, saboda haka ruwan ya yi awa uku yana shawarar tafasa. Wayar kanta kuwa ta yi zafi har yashin da ke kanta ya bushe, ya bar dogon layi fari a tsakiyar jiƙaƙƙen fili, kuma daga inda aka binne mahaɗin wani ƙauri na tashi. Aka zo kan babbake kan rago, wanda tun da aka halicci rago a kan wuta ake yinsa. Mai shinkafar jiya, mutumin kirki, ya ce a kawo ya babbake a murhunsa. Jumakadir ya ce ya yi alkawari ba wuta ba hayaƙi, ya sauke ruwan taliya, ya ɗora kan a bisa murhun lantarki a cikin mota. Cikin minti goma hayaƙin ƙonannen gashi ya cika motar yana fita ta kowace taga, har mijin Sairakan ya yi tari daga bakin ruwa. Kan ya fito rabi gawayi rabi da gashinsa, da ido ɗaya a buɗe yana kallon mai aikin.

Kafin azahar mutanen masauki sun jera kujeru a bakin layin Sairakan, kowa da kofin shayinsa, babu wanda ya tsallaka. Jumakadir ya ɗauka girmama shi ake yi. Ya fito da wata shimfiɗar ulu mai ado ja da baƙi, ɗinkin hannun Burulkan da ya saya musamman don ta gani, ya shimfiɗa ta a ƙofar mota, a kan jiƙaƙƙen yashi, ƙarƙashin famfon da ke ɗiga tun jiya.

Baƙi suka iso. Toktosun ya fito a hankali, a sunkuye bisa sandarsa, da farar hularsa ta ulu, Burulkan na biye da shi da wasu 'yan uwansu biyu. Sairakan ta nufo su da sauri tana cewa kada kowa ya taɓa motar. Jumakadir ya tare ta, ya juya ya raɗa wa baƙi, raɗar da aka ji har bakin ruwa, cewa su yi haƙuri da baiwar Allah, tun ranar Alhamis ta sa masa ido, kuma labarin aurensa ya taɓa ta. Sairakan ta tsaya cak. Sai ta juya ta shiga motarsu, ta fito da guduma ta nufi turke. Ni kuma na fara jawabin maraba, kuma ina so a rubuta cewa na saka gargaɗi a cikinsa, a jimla ta huɗu. Sai dai dattijon ba ya ji da kunnen dama, ni kuwa a damansa nake tsaye.

A al'ada mai gida ne ke zuwa da buta da tasa ya zuba wa baƙo ruwa a hannu a inda yake zaune. Jumakadir ya sanar cewa zamanin buta ya wuce, yau Baba da ruwan ɗumi zai wanke hannu, daga famfo, kamar a babban otal. Toktosun, da yake mutum ne mai tarbiyya, ya tsaya a bakin shimfiɗa ya cire takalmansa, ya taka ulun da safa, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa. Ya miƙa hannu ya taɓa famfon.

Danginsa sun ce shekara goma rabon da su ga bayansa a miƙe. A wannan rana ya miƙe sosai, har ya fi ni tsawo. Hular ta yi gabas, sandar ta yi yamma, kuma ya furta wata kalma da ya koyo a aikin soja, wadda ba zan sa ta a takarda ba. Allah ya taimaka da kan yatsu ya taɓa, sai abin ya watsar da shi baya, 'yan uwan nan biyu suka tare shi. Masu kujeru babu wanda ya kurɓi shayi. Ba ka jin komai sai bugun guduma a kan kwaɗo daga wajen turke.

Jumakadir ya yi dariya irin ta masu masaukin baƙi, ya ce wataƙila ruwan ya ɗan yi zafi, injin ne da ƙarfi. Ya miƙa hannu daga inda yake tsaye ya murɗa famfon, ya rufe, ya buɗe, don a ga babu komai. Dattijon ya karɓi hularsa, ya kaɗe ta, ya sa. Ya dubi famfon, ya dubi shimfiɗar, ya dubi ƙafafun mai neman ƙanwarsa.

“Ɗana,” ya ce a hankali, “matso nan ka gwada mini yadda ake yi. Ni mutumin ƙauye ne.”

Jumakadir ya ɗaga ƙafa zai taka.

“A gidanku da takalmi ake taka shimfiɗa? Kuma ɗinkin ƙanwata?”

Babu mafita. Ga Burulkan tana kallo, ga masauki gaba ɗaya. Kuma in faɗi gaskiya, ban ga alamar yana neman mafitar ba, domin har zuciyarsa ya yarda da kansa. Ya cire takalman roba, ya ƙara da huffin don a san bai ji tsoro ba, ya jera su a gefe. Ya taka tsakiyar shimfiɗa da fararen ƙafafunsa, ya yi wa Burulkan murmushi, ya ce a lura da kyau, sannan ya damƙi famfon da hannu biyu.

Na halarci bukukuwa da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin rawa irin wannan ba. Gwiwoyi na haɗuwa suna rabuwa, gemu na karkarwa, kafaɗu na aiki dabam da ƙugu, kuma daga bakinsa wani sauti na fita mai kama da na tsohon babur a kan hawa. Yana so ya saki, hannu ya ƙi. Ɗaya daga cikin 'yan uwan ya zabura zai jawo shi, Sairakan ta daka masa tsawa daga nesa cewa kada ya kuskura ya taɓa shi. Ta ƙara bugu biyu, kwaɗon ya tarwatse, ta fizge filogin. Jumakadir ya saki famfon ya zauna daɓas a cikin tasar da aka tara kayan cikin rago.

Sairakan ta zo ta duba idonsa, ta riƙe wuyan hannunsa, ta ce zai rayu, amma a kai shi asibiti a duba zuciyarsa kafin yamma, in an same ta a inda aka saba samu. Maganar farko da ya yi da harshensa ya dawo ita ce, gishirin tafkin nan ne, kuma dama ya yi niyyar rubuta wa hukuma takarda a kansa.

Ana cikin haka Riskeldi ya dawo. Ya buɗe akwatin turke ya ga jan ƙarfen da soket ɗin da ya narke, ya tono ledar burodin da ta zama baƙin dunƙule, ya zo ya miƙa mini hannu. Na nuna masa aljihun da makullin yake. Ya ciro da kansa, ya ce da Jumakadir yana da zuwa faɗuwar rana ya kwashe motarsa, kuma in ya ga dama ya tura ta cikin tafki, ba zai hana ba.

Amma an yanka rago, kuma ba a mayar da baƙo da yunwa. Aka kwashe naman da bai dahu ba aka kai murhun Sairakan, mai shinkafa ya hura wuta, mata suka murza taliya, aka kankare kan ragon aka gyara abin da zai gyaru. Da la'asar masaukin duka ya zauna a kan ciyawa, nesa da motar. Jumakadir ya sake wando ya zauna kusa da ni, kuma hankalinsa ya fara dawowa, domin ya raɗa mini cewa dattijon bai tafi ba, kuma wannan alama ce mai kyau. Ya ce in shirya jawabin godiya.

Aka ajiye kan a gaban Toktosun. Ya zaro wuƙarsa, ya ciro ido, ya raba biyu, ya ci rabi ya miƙa wa Sairakan rabi, kamar yadda ake yi wa wanda ake so a ci gaba da ganinsa. Sannan ya yanke kunne. Kowa ya san kunne na yara ne, ana ba su don su riƙa jin magana. Akwai yaran masauki a wurin sun fi goma, har sun fara miƙo hannu. Dattijon ya ɗora kunnen a faranti ya ce a miƙa wa Jumakadir. Ya ɗan yi tunani, ya yanke ɗayan ma ya ƙara masa. Mutum mai shekara sittin da huɗu ya zauna a gaban jama'a yana taunar guringuntsi, yana cewa ai dama nan ne ya fi so a jikin rago.

Da aka gama aka wanke hannu, da buta, Toktosun ya ɗaga tafukansa, kowa ya ɗaga. Ya roƙi albarka ga wurin da masu wurin, da hannuwan da suka dafa, da matafiya su koma gida lafiya. Sannan ya ce:

“Bawanka Jumakadir kuwa, ya Allah, ka ba shi tsawon rai, tunda yau ka nuna kana so. Ka ba shi mace ta gari, mai haƙuri, mai ƙarfin zuciya.” Ya tsaya ya ja numfashi. Jumakadir ya gyara zama, ya taɓa ni da gwiwar hannu. “Daga wani dangi, ya Allah, can nesa da namu.”

Aka shafa. Ni ne na fi kowa kusa da Burulkan, kuma a shirye nake in ba da shaida a gaban kowane alƙali cewa sau biyu ta ce amin.